Iya Kande Mai Ɗori da Karayar Cikin Gida

Duk wanda ya taɓa karyewa a yankinmu, daga Ƙafin Maiyaki har ƙauyukan da ke bakin hanyar Tudun Wada, ya san gidan Iya Kande. Ni na san ta fiye da haka, don shekara goma sha tara katanga ɗaya ce tsakanin tsakar gidana da nata, katangar ma ta zube ta gefe guda aka toshe da zana. Sunana Kulu, ƙuli-ƙuli nake yi, kuma mai suyar ƙuli yini take a tsakar gida da kunnenta a buɗe, ko tana so ko ba ta so.

Ɗori gadon gidansu ne. Mahaifinta bai sami ɗa namijin da ya rayu ba, sai ya zaunar da ita tun tana budurwa ya koya mata, mutane suna ta surutu yana yi musu kunnen ƙashi. Da aka kawo ta garinmu aure ta zo da sana'arta, mijin ya rasu ya bar ta da ita. Kayan aikin ba su da yawa: karan dawa da ta fere da kanta, tsumma mai tsabta, man shanu a ƙoƙo, sai tofin da ba ta taɓa bari wani ya ji abin da take karantawa ba. Gajeruwa ce, ba ƙiba, amma in ta kama hannun ƙato ta ja, sai ka ji yana kiran uwarsa.

Halinta ne ba kowa ke iya zama da shi ba. Iya Kande ba ta yarda da mutum ba, ko wane ne. In za ta sayi gero sai ta zura hannu har gindin buhu. In ka gaishe ta da fara'a ta yi yawa, kana juya baya za ta ce, "Wannan me yake nema?" Ni kaina ta yi wata uku tana zargin wai ni nake koya wa kajina hanyar rumbunta. Mun yi faɗa, mun shirya, mun sake yi, duk da ta girme ni da kusan shekara ashirin.

Wannan zargin nata kuwa ya yi wa mata rana. In aka kawo mata mace da karaya, ba ta sauraren labarin da aka zo da shi, sai ta bi ƙashin da babban yatsa tukuna. Ta taɓa yi mini bayani tana fere kara. Ta ce wanda ya faɗi, tafin hannu yake tokarawa a ƙasa, sai ƙashi ya karye a wuyan hannu. Wanda aka kawo wa duka kuwa, hannu yake ɗagawa ya kare kansa, sai ya karye a tsakiya, ta baya. Wata rana wani Jibrin daga bayan kasuwa ya kawo matarsa ya ce a bakin rijiya ta zame. Iya ta shafa, ta ɗago kai ta ce, "Jibrin, rijiyar nan taku ƙota gare ta?" A gaban mutane ta faɗa, har da ƙanin matar. Tun daga ranar maza suka riƙa shakkar zaurenta.

Bayan canjin kuɗi da 'yan shekaru ƙwaya ta shigo mana. 'Yan ƙwadago ne suka fara zuwa da ita, masu bin gonakin masara da rake, daga baya ta koma tiren masu tallan magani ranar kasuwa, a ƙarƙashin maganin ciwon kai. A-ji-garau suke ce mata. Mutum ya jefa biyu a kunu da safe, sai ya yini yana huɗa ba yunwa ba gajiya. Amma in ta fara sakinsa da yamma, ko kuka akuya ta yi sai ya nemi abin jifa, wanda ke kusa da hannunsa kuwa matarsa ce. Iya Kande ce ta fara lura. Ta ce mini tun da take ba ta taɓa ɗora hannuwan mata da yawa kamar na daminar nan biyu ba, kuma duk a tsakiya suke karyewa. Sai ta ƙara wani abu cikin aikinta: in ta gama da matar, sai ta kira mijin ta ce ya tsuguna, ta ja fatar idonsa, ta dubi leɓensa da yadda yake tauna haƙora ba komai a baki. Ba ta taɓa kuskure ba. Ta ƙare masa tatas, ta ce in ya sake kawo mata wannan hannun, wurin mai unguwa za a yi ɗorin.

Namiji ɗaya ne a garin ba ta taɓa duba idonsa ba, shi ne ɗanta Ubale.

Ɗan farinta ne, kuma sunan uban mijinta aka sa masa, kunyar ta zama biyu. Mu a nan uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta sakin fuska da shi, kowa ya san wannan. Amma Iya Kande ta mutanen da ce, ta kai abin maƙura. In ya tsuguna gaishe ta, bango take fuskanta ta amsa. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan". Yana yaro ya faɗo daga bishiyar ɗorawa ya karye a ƙafa, ta sa aka ɗauke shi a jaki zuwa Kiru wurin wani maɗori, don ba za ta zauna tana shafa ɗan fari mutane suna kallo ba. Ana yaba mata wannan, ni ma na yaba. Tana son sa kuwa kamar ranta, don shi kaɗai ne namiji, 'yan matan duk an kai su nesa.

Ubale manomi ne na gaske. In aka yi gayya, makaɗa suka ɗora ganga, shi ne kan gaba, sai ya kai bakin gona ya juyo wasu suna tsakiya. Da kirari da komai. A kasuwar Tudun Wada ya ga Suwaiba tana sayar da nono, 'yar Malam Hamman ce, Fulanin Burumburum masu shanu da gona. Shi ya gani ya so, ita ma ta so, aka yi biki lafiya. Yarinya ce doguwa mai sanyin magana, in tana gaban surukarta ko ruwa ba ta sha. Shekara biyu ta haifi mace ranar Asabar, ake ce mata Asibi. A kan jika babu kunya, don haka duk son da Iya ta danne shekara talatin sai ta juye shi a kan jaririyar nan. Ta goya ta zuwa ɗori, ta goya ta zuwa suna, tana ce mata kishiya tana tsokanarta.

Da Ubale ya haura talatin, samari suka fara taka masa dunduniya a gayya. Mutumin da ya saba ganga tana kiran sunansa ba ya son ya ji ta koma kan wani. Maigidana Inuwa ne ya dawo wata rana ya ce mini da idonsa ya ga Ubale ya juya baya ya jefa abu a ƙoƙon kunu. Ban yi mamaki ba, don na riga na fara ji ta zana.

Da la'asar abin yake faruwa, in ya dawo daga gona, Iya kuma ta tafi ɗori ƙauye. Ya fara da tambaya: wa ya taɓa masa riga, me ya sa tuwo yake ɗaci, wa take kallo ta kan katanga. Daga nan sai in ji tim, tim, kamar ana bugun tabarma. Suwaiba ba ta kuka, muryar Asibi kawai nake ji. Ni kuwa ina zaune gaban kasko ina juya ƙuli, ina ce wa kaina tsakanin miji da mata sai Allah. Na yi shiru damina guda da rani guda, kuma har gobe ina jin haushin kaina.

Iya Kande ba makauniya ba ce. Ta wutsiyar ido ta ga ɗanta ya rame, ta ga kwanon tuwonsa yana dawowa yadda aka kai shi. Shi ma ya zo ya tsuguna a bayanta ya ce yana jin kamar ana zuba masa wani abu a abinci, don ƙwayar nan tana sa mutum ya zargi inuwarsa. Da wani ne ya zo mata da wannan zance, da tuni ta ce ya matso ta ga idonsa. Amma wannan ba ta iya dubansa, sai ta dubi wadda take iya duba. Ta fara bin Suwaiba da ido. Ta sansana miya, ta leƙa tulu, ta karɓe damun fura ta ce ita za ta riƙa yi. Ta dama da hannunta ta aika masa gona, shi kuma ya jefa ƙwayarsa a ciki.

Wata safiya ta leƙo ta zana ta ce, "Kulu, in na fita wa yake shigowa wurin yarinyar nan? Mutanen daji sun san itatuwa."

Ga ƙofa ta buɗe mini, sai in faɗa. Na ce, "Ban ga kowa ba, Iya." Gaskiya na faɗa, amma gaskiyar matsoraciya ce.

Ranar da abin ya fashe, daminar shekarar da aka yi ƙidaya ce. Suwaiba ta tafi barka maƙwabta da goyonta, Iya ta shiga ɗakinta ta sauke jere kwano bayan kwano. A cikin na can ƙasa ta sami ƙullin tsumma, ta kwance, ga ƙwayoyi sun kusa cika tafin hannu. Ta kira ni, fuskarta har wani haske take yi irin na wanda zarginsa ya tabbata.

Na ce, "Iya, ki tambaye ta tukuna."

Ta ce, "Ana tambayar ɓarawo da kaya a hannunsa? Ashe ita take narka masa. Ni ina zagin 'ya'yan mutane, ana haukata nawa a cikin gidana."

Na buɗe baki zan faɗi abin da Inuwa ya gani, ta riga ta juya. Da Ubale ya dawo, ta ɗora ƙullin a faifai ta tura masa da ƙafa, fuskarta a bango, ta ce, "A duba abin da aka samu a jeren matar gidan nan." Tana rufe baki aka yi sallama, wai babur ya kayar da wani a Ƙafin Maiyaki, ƙashi ya fito. Ta ɗauki karanta da ƙoƙon man shanu ta bi su.

Shi kuwa ya fi wata biyu yana neman wanda ke kwashe masa ƙwaya daga aljihu.

Suwaiba tana shigowa ya tare ta da ƙotar garma. Ranar ta yi ƙara, sau ɗaya. Na ture zana na faɗa gidan, Inuwa da wasu maza biyu suka riƙe shi da kyar, ya fizge ya yi waje. Na kwance Asibi daga bayan uwarta, Allah ya kiyaye ƙotar ba ta same ta ba, don hannun da Suwaiba ta ɗaga ne ya tare.

Kafin magariba Iya ta dawo ta tarar da mu a tsakar gida. Suwaiba tana zaune ta tallafe hannun dama da na hagu, gumi yana zuba, amma da ta ga surukarta sai ta yunƙura za ta durƙusa.

Ta ce, "Santsi ne ya kwashe ni a bakin rariya, Inna."

Iya ta tsuguna ta kama hannun. Ta fara daga wuyan hannu, ta latsa, ta sake latsawa, kamar tana roƙon ta sami karayar a nan. Babu. Yatsan ya hau sama a hankali har ya kai tsakiya, ta baya, ya tsaya. Sannan ta ce wa yarinyar ta juya, ta ɗaga mata riga. Bayan nan duk shaida ne, sabo a kan tsoho.

"Kulu, tun yaushe?"

"Tun daminar bara."

"Kika yi shiru."

Raina ya ɓaci, na ce, "Na yi shiru, Iya. Ke ma ba ki duba ba."

Ban taɓa yi mata magana irin wannan ba, kuma ba ta rama ba. Ta sa na riƙe kafaɗa, ta ja, ta daidaita, ta jera kara ta ɗaure. Tana cikin naɗa tsumma ta tambayi yarinyar ƙwayoyin na wane ne. Suwaiba ta sunkuyar da kai ta ce, "Na aljihunsa ne. In ya shiga wanka nake ɗauka. Bakina ba zai iya gaya miki ba, Inna. Na ce in sun taru in kawo miki ki gani da idonki, ke kin san su."

Washegari da hantsi Ubale ya dawo ya tsuguna a ƙofar ɗakin uwarsa. Ta fito ta tsaya a gabansa, ta kama haɓarsa ta ɗaga, ta ja fatar idonsa kamar yadda take yi wa mazan mutane. Matan da suka shigo dubiya suka riƙa sunkuyar da kai, wata har ta fita. Ya fashe da kuka, ya ce sharrin shaiɗan ne, ya rantse ya bari. Ta ce ya kwashe shimfiɗarsa ya koma zaure. Suwaiba kuma Iya ta ɗauke ta zuwa nata ɗakin, ita ke yi mata wanka, ita ke ba ta abinci a baki.

Dangin marigayi mijin Iya suka zo, tsofaffi uku, suka ce a rufa asiri, hannu dai ya karye kuma a gidan ɗori ya karye, in an kwance kara sai Suwaiba ta koma ɗakin mijinta. Suka ce yaro ya tuba. Iya ta saurare su, ta ce ta ji. Sati uku Ubale yana lafiya lau, yana cin tuwo, har ya fara ɗaukar 'yarsa. Ni kaina na fara cewa ko an dace. Sai aka buga gangar gayya a gonar mai unguwa. Da yamma ya shigo gaishe ta, ta dube shi, ta ga muƙamuƙinsa yana motsi. Bayan ya fita ta leƙo ta ce in shirya, gobe zan raka ta Burumburum.

A-kori-kura muka hau, Suwaiba a gaba saboda hannun, Asibi a bayan Iya. Malam Hamman ya tarbe mu da mutunci, aka shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya, aka kawo kindirmo. Dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya. Bayan an gaisa an sake gaisawa, ya shiga ya ga 'yarsa, ya fito ya zauna nesa kaɗan.

Ya ce, "Ta gaya mini santsi ne. Allah ya saka muku da alheri da kuka ɗora ta. In ta huta kwana biyu ni da kaina zan maido ta, mu ba ma riƙe matar mutane."

Da Iya ta yi shiru a nan, shi ke nan, an rabu da mutunci, ba wanda zai ce ta yi ƙarya. Na dube ta, na ga tana murza bakin zanenta.

Ta ce, "Malam, ba santsi ba ne. Ɗana ne ya karya ta da ƙotar garma. Ƙwaya yake sha, ya fi shekara yana dukanta, ni kuma ina gidan. Ranar ma ni na miƙa masa dalili da hannuna. Kada ku maido ta. In dangin ubansa sun zo biko kada ku karɓa. Ko ni kuka gani na dawo ina roƙo, ku ce tsufa ne ya kama ni."

Malam Hamman ya dubi Iya. Ya ce, "Kun faɗi abin da ba a saba ji daga bakin uwa ba." Sannan ya ce to, Asibi dai jinin gidan Iya ce, in lokacin yaye ya yi za a kai mata ita, don kaka ke yaye, kuma ɗa na gidan ubansa ne.

Iya ta kwance goyon, ta juyo da Asibi ta riƙe ta a cinya. Yarinyar tana wasa da carbin da ke wuyanta.

Ta ce, "A bar ta wurin uwarta. Ina fita ɗori, ba kullum nake gida ba."

Ta miƙa ta ga matar Malam Hamman, ta tashi ta ce mu tafi kada mota ta wuce. Asibi ta fara kuka tana miƙo hannu, Iya ba ta waiwaya ba. A mota ta ninke zanen goyon ta ɗora a cinya.

Aure ya mutu a gaban alƙali, kuma Iya ce shaida. Dangin mijinta suka daina taka gidanta, wasu matan garin suka ce ta tona wa ɗanta asiri saboda bare. Ubale ya sayar da garmarsa ya tafi wajen Doguwa ƙwadago, yakan zo da salla, wata shekarar da ƙiba wata shekarar a rame. Iya ta ci gaba da ɗori har idonta ya raunana, da zarginta da faɗanta, ba abin da ta rage. Burumburum kuwa ba ta sake zuwa ba, ta ce in ta je za a ga kamar biko ne.

Bayan shekara bakwai na kai ƙuli kasuwar Tudun Wada, na hangi Suwaiba a layin masu nono. Ta yi aure a can cikin danginta, ta yi kyau, tana sauke ƙwarya da hannu biyu. Da na dawo na leƙa na gaya wa Iya. Tana zaune tana laluben kara da wuƙa.

Ta ce, "Hannun fa?"

Na ce ya miƙe sarai.

"Yarinyar fa?"

Na ce ta girma, tana biye da uwarta da ɗan ƙoƙo a ka, har ta iya ciniki, wani ya taya nono da arha ta harare shi.

Ta ajiye wuƙar. Ta ce, "Da wa ta yi kama?"

Na ce, "Da ke, Iya."

Ta tattara karan ta shiga ɗaki ta saki labule, ranar ko tuwo ba ta ɗora ba.